Teburin Shayi Mai Feda Uku

Ni mai walda ne, kuma ba na son a koya mini aikina. Na faɗi wannan tun da farko don kada a ce na ɓoye halina. Shekara goma sha ɗaya na yi a Sabha, can ƙasar Larabawa bayan hamada, a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, da ke unguwar Mahdiya, ina haɗa wa mutanen da ke tsoron junansu ƙofofi da tagogin ƙarfe. Mai warshar Balarabe ne, muna ce masa Haj, kamar yadda ake ce wa duk mai gemu da mota a garin. Haj bai san walda ba, amma yana da gwaji guda. In ka gama aiki sai ya taso daga kujerarsa ta bakin ƙofa, ya kama da hannu biyu ya jijjiga. In ya ji wani abu ya motsa, ko da ƙis ne, sai ya tofar da yawu ya ce a sake. In ya ji a karo na biyu, to ka nemi wata warshar, don a bakin titi akwai mutane zaune suna jiran gurbinka. A haka hannuna ya saba. A wurina duk ƙarfen da ke motsi ba a gama aikinsa ba.

Ɗakin da muke haya yana bayan warshar. Mu tara ne a lokacin, yawancinmu 'yan Nijar, ni daga wani ƙauye kusa da Maraɗi. Wasu sun zauna kamar ni, wasu wata biyu suke yi su tara guzuri su yi arewa. Babban bakinmu wani ɗan Tawa ne mai faci, wanda in bai tsokani mutum ba abinci ba ya yi masa daɗi. Shi ne ya shigo mana da wani tsoho wata rana da hantsi, ya ce ya tsince shi a gefen titi zaune a kan akwati.

Dogo ne siriri, mai dogon wuya, da hular da ta ga duniya. Hausarsa ta Najeriya ce, irin ta Zariya wadda ta daɗe a Ikko. Akwatin kuwa baƙi ne, mai tsawon rabin gado, mutum biyu suka kama aka shigar da shi. Da muka tambaye shi yadda ya ƙetaro da wannan kaya, sai ya ce tun daga Agadas ya biya wa akwatin wurin zaman mutum guda a bayan mota. Muka dubi juna. Duk wanda ya bi wannan hanya ya san ko jarkar ruwa sai an yi faɗa a kanta. Mai faci ya ce, "Baba, gawar wa ka ɗauko mana?" Tsohon ya yi murmushi.

Sai a kwana na uku ya buɗe. Ya fito da wani dogon katako mai tsirkiya goma a shimfiɗe, ya ɗaura masa ƙafafu huɗu ya tsaya kamar ƙaramin tebur. A ƙasa akwai feda uku, kowace da siririyar sandar ƙarfe da ta hau ta shige cikin cikinsa. Ya jawo bokiti ya kife, ya zauna a gabansa, ya ɗora ƙafa a kan feda. Mai faci ya tafa hannu.

"Ashe Baba tela ne! Jama'a, Allah ya kawo mana tela."

Daga ranar sunan ya bi shi. Shi dai ya ce mana gita ce, irin wadda ake kwantarwa. Ya ciro wani guntun ƙarfe daga aljihu, naɗe a tsumma, mai kaurin kyandir da tsawon yatsa, yana ƙyalli. Da shi ake zamewa a kan tsirkiya, in ji shi, ƙafa kuma ita ke ja wa tsirkiyar murya, ta ɗaga ɗaya ta bar sauran. Na karɓi ƙarfen na juya. Ban taɓa riƙe ƙarfe mai santsinsa ba. Ya ƙwace da sauri ya goge da tsumman, kamar hannuna kashi ne. Tun daga nan na fara jin haushinsa.

Bai kaɗa mana komai ba, don wani abu ya karye a cikinta a hanya. Ya mayar da ita kusurwa, ya shiga cin tuwonmu.

Akwai wani kiɗa da duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya sani, ko ta wane gefen iyaka yake. Da shi wani gidan rediyo na Najeriya ke buɗe shirin gaishe-gaishe na hantsi tun muna yara. Ba waƙa a ciki, kiɗa ne zalla, kuma a tsakiyarsa akwai wani wuri da murya ɗaya ke tsayawa, ɗayar ta miƙe sama a hankali, kamar mace tana kiran ɗanta daga bayan gari. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya kaɗa shi. Mahaifiyata takan rataye rediyo a jikin bishiyar tsakar gida tana daka, in an zo wannan wurin sai ta tsayar da taɓarya har ya wuce. Ina Sabha ta rasu, a waya aka gaya mini, ina tsaye da ƙarfe a hannu.

Wata safiya mai faci yana wanki yana fito da wannan kiɗan. Tsohon yana zaune a inuwa, sai ya ce, "Ka yi gaggawa a wurin hawan. Ba a yi masa sauri."

"Kai ka sani ke nan, Tela?"

"Ni na kaɗa shi."

Ɗakin ya ɗauki dariya. A Sabha kowa wani ne a gida. Wannan ya baro shaguna uku, wancan da soja ne, ɗayan ɗan sarki ne da aka yi wa ƙwace. Muna barin kowa da ƙaryarsa, don in ka tona ta wani za a tona taka. Amma ni ban yi dariya ba, raina ne ya ɓaci sosai. Wannan kiɗan na mahaifiyata ne. Ga wani tsoho da ba shi da ko tabarmar kansa, yana tsoma hannu a kwanonmu, ya miƙa hannu zai ɗauke shi ma.

Bai ji kunya ba, ya ba mu labari. Wai direba ne da, shi ke tuƙa motar wata ƙungiyar makaɗa a Ikko, a nan ya ga wannan gita a hannun wani Bayarabe. Ƙafarsa ta riga ta saba da feda uku na mota, sai hannu ya rage. Ya koya, ya sayi tasa, ya dawo arewa ya yi shekaru yana kaɗawa a otal-otal na Kaduna da Jos. Wata rana aka kira su gidan rediyo, suka kaɗa, aka ba su shinkafa da lemo suka tafi, ba wanda ya rubuta sunan kowa. Bayan haka, in ji shi, masu gita suka yi ta neman wannan muryar, wani da wuyan kwalba, wani da ƙotar wuƙa. Da fiyano ya shigo ya kashe musu kasuwa, su ma masu fiyanon ita suke kwaikwayo da ɗan yatsa.

"Duk jikokina ne," ya ce. "Ba su san ni ba kawai."

Wani tsohon abokin kiɗansa ne ya aiko masa cewa a bakin teku har yanzu akwai masu son irin wannan. Shi ya sa ya taso. Guzuri da ƙarfi suka ƙare masa tare a Sabha.

Mai faci ya ce magana ba ta da wuya. Ga gita, ga mai walda. A gyara, ya kaɗa ranar Juma'a, in shi ne mu gani. Har Haj aka gaya wa, don yana jin Hausar kasuwa kuma yana son abin kallo. Ya ce a yi a filin warsha bayan la'asar, zai kawo sifika daga gida.

Ranar Laraba tsohon ya kawo mini ita. Ya kife ta a kan buhu, ya naɗe katakon da jiƙaƙƙen tsumma don kada wuta ta taɓa shi. A cikin cikinta akwai sanduna uku a kwance, kowace an zura ta cikin kunnuwan ƙarfe biyu. Kunne ɗaya ne ya tsage. Ya ɗora yatsa a kai.

"Nan kaɗai, ɗana. Ɗigo biyu ya isa. Su waɗannan sandunan kuwa, ka ga yadda suke..."

"Baba, na gani."

"A'a, tsaya in nuna maka, don aikinsu shi ne..."

"Ka taɓa riƙe abin walda?"

"Ban taɓa ba."

"To ni ban taɓa koya maka ɗinki ba. Je ka sha inuwa. Ba na aiki ana tsaye a kaina."

Ya ɗan tsaya, ya shafa katakon, ya fita. Ban taɓa ta ba sai ranar Juma'a da safe, da gangan, don ya ji jiki. Kunnen bai ɗauke ni komai ba. Da na gama sai na kama na jijjiga yadda Haj ke yi. Komai na cikinta rawa yake. Sandunan nan uku suna juyawa a cikin kunnuwansu kamar haƙorin tsohuwa. Na ce a raina, dubi aikin 'yan Najeriya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, gefe da gefe, na ɗinke kowace sanda da kunnenta, wuri shida. Na goge, na sake jijjigawa. Shiru. Wallahi a lokacin ban yi don mugunta ba, alfahari ma nake yi. Muguntar daga baya ta zo, kuma ita da sanina na yi ta.

Bayan la'asar filin warsha ya cika. Labari ya kai har unguwar Manshiya, masu wankin mota da 'yan ɗaukar kaya duk sun zo. Haj ya zauna a kujerarsa da carbi. Sai a lokacin na fito da ita na miƙa wa tsohon a gaban jama'a. Ya sa farar riga, ita kaɗai gare shi, ya wanke ta tun jiya. Ya ɗaura ƙafafun, ya saƙala sirarun sandunan, ya daidaita tsirkiyoyin da kunne ana ta surutu a kansa. Sannan ya ɗora ƙafa a kan feda ta farko.

Na ga ya tsaya. Ya zura hannu ƙarƙashi ya lalubo, ya daɗe yana shafawa. Ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa na ɗaga masa gira, ina jiran godiya.

"Tela, rana na faɗuwa!" in ji mai faci.

Ya sa wasu farata na ƙarfe a yatsun dama, ya warware guntun ƙarfensa, ya ɗora. Sautin farko da ya fito daga sifikar nan ya kashe bakin kowa. Shi ne. Ba kama ba ce, shi ne, da ɗan rawar da ke ƙarshen kowace murya. Tsigar jikina ta tashi, na ji ƙamshin gero a turmi. Wani a bayana ya ce la'ilaha illallahu a hankali. Muka bi shi har bakin wurin hawan, kowa ya riƙe numfashi.

Ya san fedar ta mutu, amma ƙafar da ta yi shekara arba'in tana abu ba ta shawara da mai ita. Ta taka. Ba abin da ya faru. Ta sake takawa da ƙarfi, teburin ya yi tsalle. Ya yi ƙoƙarin ja da hannu kaɗai, sai muryoyin biyu suka tashi tare, suka yi wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya koma baya ya sake ɗaukowa, ya zo wurin, ya sake faɗuwa. Sau uku.

A karo na ukun ne na duba ƙasa. Na ga siririyar sandar tana ja, tana lanƙwasa, tana neman juya abin da na ɗinke. Nan take na gane abin da yake son nuna mini ranar Laraba: juyawar nan ita ce aikinsu. 

Haj ya nuna ni da carbi. "Kai ka gyara? Aiki ba kyau?"

Kowa ya juyo. Na san abin da ke biye da wannan tambayar. Tsohon ma ya sani, don ya zauna da mu ya ji yadda ake korar mutane. Ya cire faratan ɗaya bayan ɗaya ya sa a aljihu.

"Aikin ya kamu, Haj," ya ce. "Ba abin da ke motsi. Ƙafata ce ta tsufa."

Haj ya taso ya kama gitar da hannu biyu ya jijjiga. Bai ji ƙis ba. Ya buga mini kafaɗa ya koma ya zauna.

Mutumin kirki da ya yi shiru a nan, ko ba komai. Ni ban yi ba. Tsoro ne ya juye mini ya zama baki. Na ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Farkon ai ko ni in aka ba ni kwana biyu zan kwaikwaya. Wurin da ake gane mai abu ne ya gagara. Taka da kyau mana, Tela, ko zaren ne ya ƙare?" Filin ya fashe. Mai faci har da faɗuwa ƙasa. Wanda ya yi salati ɗazu ya fi kowa dariya, don ya ji kunyar an kusa kama shi. Tsohon ya naɗe ƙarfensa a tsumma yana kallon ƙasa.

Washegari ya same ni ni kaɗai ina yankan ƙarfe. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin daɗi.

"Ɗana, ba laifinka ba ne, ban yi maka bayani sosai ba. Ka sa abin yankan nan ka raba su. Rabin awa."

Gaskiya ya faɗa, ko rabin awar ba za a kai ba. Amma warshar a buɗe take, Haj yana bakin ƙofa, mai faci yana tsallaken titi. In aka ga ina yanke aikina, an san wa ya yi ƙarya ranar Juma'a. Na ce masa gobe. Da goben ta zo na ce aiki ya yi yawa. A karo na uku na ce, "Kai da bakinka ka ce ƙafarka ce. In yanke me?" Bai sake tambayata ba sai ranar da zai bar Sabha.

A ɗaki kuwa abin ya zama wasan kullum. Duk wanda wandonsa ya yage sai ya jefa a kan gitar ya ce Tela a taimaka. Abin da har yau ke ƙona mini rai shi ne ya nemo allura da zare ya riƙa ɗinkewa. Yana cin abincinmu, ba ya iya ɗaukar siminti, sai ya ga ga abin da zai iya. Yatsun nan da suka sa tsigar jikina ta tashi, na gan su suna ɗinke mini hammatar riga, kuma na sa rigar. In an zo raba nama, nasa ƙashi ne. In ya buɗe baki zai yi magana, ko a kan ruwan sama ne, sai wani ya ce, "Shi ma kai ka kaɗa shi?" Ya daina magana.

Da lokacin yankan dabino ya zo, wani mai gona daga Gudduwa, kudu da Sabha, ya zo neman ma'aikata. Matasa ba sa son zuwa, don komawa baya ne ga mai son arewa. Tsohon ya ɗaga hannu. Da zai hau mota ya jawo gitar har warsha ya ajiye a gabana.

"Ajiya ce. In ka samu rabin awar."

Ba ta yi sati ba Haj ya ga tsayinta ya yi daidai da kujerarsa. Aka ɗora mata faranti, ta zama teburin shayi. Tsirkiyoyin suna hana farantin zama, sai na kwance su. Mai faci ya kwashe ya yi igiyar shanya da su.

Bayan wata huɗu Haj ya aike ni Gudduwa in haɗa wa wani abokinsa ƙafafun tankin ruwa. Ashe gonar da tsohon ya tafi ce. Da azahar na hango shi a gindin dabino yana tsince, ya ƙara tsawo saboda rama. Hannunsa na hagu, wanda ke riƙe ƙarfen, yana naɗe da tsumma. Ƙayar dabino ce ta shige tsakanin yatsu ta karye a ciki, hannun ya kumbura, yatsu biyu sun sanƙare. Na so in ɓuya a bayan tankin, amma ya riga ya gan ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba.

"Ka yanke?"

Na dubi hannun, na dubi fuskarsa. Na ce, "Na yanke, Baba. Tana nan tana jiranka."

Ban taɓa ganin fuska ta buɗe haka ba. Ya kama hannuna da mai lafiyar ya yi ta sa mini albarka, ya haɗa da iyayena, ya roƙa wa mahaifiyata rahama. Ya tambaye ni ko fedar tsakiya tana dawowa da kanta, na ce tana dawowa. Ya ce hannun zai sace, bayan Sallah zai zo, a sake tara mutanen nan, ko rabinsu ne. Sannan ya ciro guntun ƙarfen daga aljihu ya ba ni, wai in sa masa a akwati, yashin gonar yana neman ya ƙarce shi. Na karɓa. A hanyar dawowa na yi niyyar yankewa a ranar. Da na iso na tarar Haj da baƙi suna shan shayi a kanta.

Bai zo bayan Sallah ba. Wani direba mai ɗauko dabino ne ya gaya mana, a tsakiyar wata hira, cewa tsohon nan na Najeriya ya rasu, ciwon hannun ne ya hau masa jiki. A can aka binne shi. Muka ce Allah ya jiƙansa, mai faci ya ce yanzu wa zai yi mana ɗinki. Ba wanda ya je.

Shekara biyu bayan haka wani hoton bidiyo ya fara yawo a wayoyi. Tsohon ɗauka ne na talabijin, na kiɗan nan, duk ya dushe. Makaɗa ne a tsaye, a gefe kuma wani saurayi mai dogon wuya zaune gaban tebur. Mai ɗaukar ya sauko da kyamara kan ƙafarsa daidai wurin hawan. Na ga fedar ta sauka a hankali, muryar ta miƙe. A ƙarƙashin hoton mutane suna ta rubutu, makaɗa manya suna cewa daga wurinsa aka samo kaza da kaza, ana tambaya ko yana raye, ko wa ya san inda yake.

Mai faci ya yi kuka da hawaye, na gani da idona. Kafin sati ya zagayo duk Mahdiya da Manshiya sun ji cewa mu muka riƙe shi, mu muka ci da shi, a ɗakinmu ya kwana. Ni ma ban bari an bar ni a baya ba. Na riƙa cewa ni na gyara masa gitarsa.

Wannan surutun ne ya kawo mana wani makaɗin gita daga Agadas, magidanci mai rawani, wanda ya zo kiɗan biki a garin. Ya shigo warsha da hantsi ya yi sallama, ya ce an ce masa kayan malam na nan. Malam ya kira shi, ba Tela ba. Ya ce wanda ya koya masa gita, da ƙotar wuƙa ya koyi wannan hawan, kunnensa a jikin rediyo, ya mutu bai san da ƙafa ake yi ba. Haj ya sa aka ɗauke farantin. Katakon duk zoben kofuna ne da ƙunar sigari. Mutumin ya cire takalmi ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashi, ya zura hannu ya shafa, daidai yadda tsohon ya yi. Ya daɗe.

"Wa ya yi wannan?"

Mai faci na tsaye, Haj na zaune. Su ba su san abin da ya gani ba. Na ce, "Haka ya zo da ita daga Najeriya. Ni kunne ɗaya kawai na gyara."

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, idonsa ya yi ja. "An kashe ta da rai. Allah ya isa tsakanin malam da wanda ya yi wannan aikin."

Kowa ya ce amin. Nawa ya fi na kowa ƙarfi.

Da suka raka shi bakin titi na kife ta a kan buhu na ɗauko abin yanka. Wuri shida. Butar da aka ɗora a wuta ba ta kai ga tafasa ba na gama. Na tayar da ita, na zauna a kan bokiti, na ɗora ƙafa a fedar tsakiya. Ta sauka da laushi, ta dawo da kanta. Ba tsirkiya ko ɗaya a kai, ba abin da ya fito sai ɗan ƙis. Guntun ƙarfen yana aljihuna, ban ma ciro shi ba, don tun bara nake fitar da kusoshi da shi, duk ya lotse.

Ina zaune a haka Haj ya dawo. Ya ɗora farantinsa, ya ji kofuna sun yi ƙara. Ya kama teburin da hannu biyu ya jijjiga, ya saurara, ya tofar da yawu.

"Wannan yana motsi. Sake."

Na duba bakin titi, mutane na zaune a inda suka saba zama. Na jawo wayar walda, na rufe fuska, na sake ɗinke su.